Battar Baba

Litinin, 4 ga Disamba, 2023

Baba ya sake biyo ni rumfar furanni. Wata biyar da rasuwar Inna, nan kaɗai yake yarda ya zo. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fawa a kasuwar Dembé, yau shi ke shafa ganyen furen fetuniya kamar kan jariri. Ni kam kujerarsa ta tare min hanya. Allah ya ba ni haƙuri.

Alhamis, 7 ga Disamba

Layin tukwanen bakin ƙofa ba lafiya. Ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya nannaɗe. Furen ma farin zane ya ratsa shi. Baba har murna yake: "Na'ima, wannan ya fi sauran ado!" Na ƙara taki.

Asabar, 9 ga Disamba

Taki bai yi komai ba. Na juya ganye ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwaro babu.

Talata, 12 ga Disamba

Ruƙayyatu ta zo, ƙawata da ta karanta aikin gona. Ta ɗaga ganye ga rana. Wai da yunwa ce, launin zai koɗe bai ɗaya, ba zai yi wannan rodi-rodin ba. Ta murje ganye a 'yar leda da ruwa, ta tsoma siririyar takardar gwaji, layi biyu suka fito. Birus ne, ƙwayar cuta irin ta ganyen taba. Ba magani sai ƙonawa. Hannu ke yaɗa shi, ko wuƙa.

Ta ce, "Wa ke shan sigari a nan?" Na ce babu. Ban yi ƙarya ba, ai ba ta tambayi garin taba ba.

Da ta tafi na tsaya na duba. Duk tukwanen da suka kamu, iya inda hannu ke kaiwa ne daga kujerar Baba. Battar tabarsa kuwa kullum tana aljihu. Ashe hannun Baba ne ke yaɗa shi.

Laraba, 13 ga Disamba

In na faɗa masa, ɗaki zai koma ya rufe ƙofa, na san halinsa. In na yi shiru, rumfar duka ta tafi. Tsoro nake ji.

Juma'a, 15 ga Disamba

Na ƙona layin. Na ce masa tsutsa ce. Ya daɗe yana kallon gurbin tukwanen, sannan ya ce, "Shekara arba'in ina duba hanta da huhu, uwata. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya, wani ne ya kai shi."

Na faɗa masa gaskiya. Ya dubi yatsunsa. "Kalas, shi ke nan," kawai ya ce, ya ja sandarsa.

Asabar, 16 ga Disamba

Bai zo ba.

Litinin, 18 ga Disamba

Na wuce da bokiti ya fi sau goma, ba wanda ya tare ni. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ruƙayyatu ta ce in za a taɓa furanni a wanke hannu da sabulu, a kuma tsoma shi a madara. Kwana uku ke nan ina dama madarar gari da safe, da yamma in zubar.

Laraba, 20 ga Disamba

Ya zo. Ya ajiye batta kan bulo a waje, ya tsaya bakin ƙofa, ya miƙo hannuwa biyu.

Ni na wanke su. Rabona da riƙe hannun Baba tun ina 'yar lekol, makarantar boko. Duk tabon wuƙa ne, babban yatsa ya karkace, ban taɓa lura ba. Da na tsoma su a madara ya ce, "To, an mai da tsoho goyo." Na yi dariya, sai ga hawaye, na ce sabulu ne.

Kujerar na mayar da ita tsakiyar rumfa. Can ta fi tare hanya, na sani. Na ce masa don inuwa ne.