Yayana ya sa na wanke masa bututun bindiga, yanzu bidiyona yana hannunsa

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na riga ku zagin kaina.

Ni ɗaliba ce a Manchester, ina PhD a kan tsatsar ƙarfe. A kicin ɗina a unguwar Hulme na haɗa ɗan bokiti da ruwan magani da wayoyin lantarki, ina cire tsatsa daga tsofaffin kekunan ɗinki, don sha'awa kawai. Ina da yaya a Birmingham, ɗan yayar mahaifiyata, bari in kira shi Yaya Sani. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, a gidansa na yi wata biyu kafin na samu flat ɗin haya. Kullum Umma cewa take, "Ga ubanki nan a can."

Wata Asabar ya zo da ƙarafa biyu a naɗe cikin tawul, wai na abokinsa ne mai shagon kayan tarihi a unguwar Lozells, bindigar ado ce, ba ta harbi. Na ɗaga ɗaya na leƙa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na gane. Bututun a buɗe yake sarai, ba a toshe shi kamar na ado ba. Na ce, "Yaya, akwai takardarta?" Ya yi dariya ya ce, "Haba ƙanwata, ni zan cuce ki?" Nauyinsa ya hana ni ƙara magana. Na wanke su tas, har ina yi masa bayani cikin alfahari. Wace irin mai ilimi ce ni?

Bayan wata uku ya bugo, wai akwai wasu huɗu. Na ce wallahi ba zan sake ba. Ya ce, "To duba wayarki." Bidiyo ne. Ga fuskata, ga muryata, ga bututun a hannuna. Shi ko yatsansa bai fito ba. Ashe lokacin da na zaci saƙo yake karantawa, ɗaukata yake. A ƙasa ya rubuta: "Ki tuna da visa ɗinki." Mutumin da na ci tuwon gidansa? Tun ranar farko kenan ya shirya min wannan?

Jiya Umma ta kira tana faɗa: "Sani ya ce kin daina ɗaga wayarsa. Butulci kika je koyo?" Matar Yaya Sani kuwa, wadda ta riƙe ni kamar ƙanwa, cikinta wata bakwai, ba ta san komai ba.

Ya ce ranar Lahadi zai kawo su. In na je wajen 'yan sanda, ƙila karatuna ya ƙare, dangi su tsine min. In na yi shiru, ɗan wa za a harba da abin da hannuna ya gyara? Kwana huɗu ya rage. Jama'a, me zan yi?