Ranar da Kwamfuta Ta Goya Mini Baya

Litinin, 3 ga Maris

A rubuta a ajiye saboda 'yan baya: yau da hantsi ni, da hannuna, na saka wa kwamfuta manhajar ƙirga kalmomi ban kira kowa ba. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na tabbata.

Dalili kuwa, ranar Asabar ni ke da jawabi a ƙungiyarmu ta masu karatu, kan tsohon littafin nan da muka karanta tun muna makaranta. Shekara da shekaru ina cewa rijiyar gidan su jarumin littafin ita ce zuciyar labarin. Mai Kemis, wanda ya yi ritaya daga sayar da magani amma bai yi ritaya daga musu ba, ya kafe cewa gwaggon jarumin ce. Wai "don an sa rijiya a sunan littafi ba shi ne za mu faɗa ciki ba." Kullum shi ake wa tafi. Wannan karon da hujja zan je masa.

Talata, 4 ga Maris

An ɗauki hoton kwafina na littafin shafi-shafi, an mayar da shi rubutu. Manhajar ta nemi a tsabtace rubutun kafin ƙirge. Na ƙi. Littafin da ya girme ni ba ya bukatar wanka.

Laraba, 5 ga Maris

Alhamdu lillahi! Manhajar ta zana hoto, kowace kalma da girmanta gwargwadon yawan fitowarta. Ga RIJIYA a tsakiya, ƙatuwa, sauran sun raɓe a gefe kamar 'yan haya. Na kira maiɗakina ta gani. Ta duba ta ce, "To madalla, sai a gyara mana famfon banɗaki tunda an samu ruwa."

Na buga wa Mai Kemis waya. Na ce, "Yallaɓai, ranar Asabar ka sha maganin hawan jininka kafin ka fito." Ya ce shi ma zai taho mini da nawa, kyauta.

Alhamis, 6 ga Maris

Na sa an buga hoton a babbar takarda. Tsada, amma gaskiya ba ta arha.

Juma'a, 7 ga Maris

Ina neman jimloli masu daɗi da zan karanta wa jama'a, sai na buɗe wurin da ke nuna kalma tare da maƙwabtanta. Rijiya, 41. Rijiya, 43. Rijiya, 45. Ana tsakiyar jana'iza a labarin, sai ga rijiya, 87. Da fari na ce lallai marubucin nan gwani ne, har cikin makoki bai manta da ita ba. Har na fara rubuta hakan.

Sai na ɗauko littafin. Ashe sunan littafin ne, mai rijiya a ciki, da maɗaba'a ta buga a saman shafuka, kusa da lambar shafi. Shi kwamfutar ta yi ta ƙirgawa tsakaninta da Allah.

Na yi wa rubutun wankan. Rijiya ta ƙafe. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, a biyu daga ciki ma guga ne ya faɗa. Wa ta taso ta cika tsakiya? Ba sai na rubuta ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na sauya kan jawabi zuwa "Haɗarin Dogaro da Na'ura." An yi tafi daidai gwargwado. Mai Kemis ya ɗaga hannu: "Malam, tun safe na sha maganin nan, kai har ya fara sakina. Ina hujjar?" Na ce bincike na ci gaba. Ya ce Allah ya ba binciken lafiya. Ya kuma miƙo mini ƙwayoyin a gaban kowa.

Babbar takardar tana ƙasan kabad ɗin kicin, an jera kofuna a kanta.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban kunna kwamfuta ba. Na zauna da littafin na karanta babobin gwaggo, waɗanda tun muna makaranta nake tsallakewa saboda yawan surutunta. Ashe ita ta sayar da keken ɗinkinta aka tura yaron karatu, kuma ba ta taɓa faɗa masa ba. A shafi ɗaya sai da na cire tabarau na goge. Ƙura ce, ina jin.

Mai Kemis ya fi ni gaskiya. A nan kawai zan faɗa.