Furannin da Ba a Gani da Ido

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da tukwanenka na jami'a.

Hoton da ka aiko ya iso, kuma wallahi ka fitar da mu kunya. Na manna shi a shago, tsakanin man gashi da hoda. Duk wadda ta shigo sai na ce, "Kin ga furannin nan? Ƙanena ne ya shuka su." Wata ta ce a ina gonar take. Na ce a cikin tukunyar ƙarfe, kuma ko an raba silin gashi gida dubu ya fi su kauri. Ta ce, "To wa ke shinshinawa?" Na ce mata ilimi ba a shinshina shi.

Daga baya na juya gwangwanin man da nake sayar wa masu jego don ƙunar ƙugun jarirai, sai ga sunan abin naka a jiki, zink oksaid. Ashe shekarun nan duka, farin garin da ke kan kantata kake dafawa. Da ka tambaya, da na auna maka.

Yanzu ga maganar gida. Wan matarka ya zo. Ya zauna a kan bencina, ya ƙi shan ruwa. Ya ce ƙanwarsa ba ajiya ba ce. In wannan zangon karatu ya ƙare ba ka dawo ba, zai zo ya ɗauke ta da yarinyar. Ita Amarya, matar taka, tana ta ninke wanki. 'Yar taka, takwarar Inna, da ka bari tana rarrafe, yanzu har tsegumi take kawo mini.

Ka huta lafiya. Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kasuwa da albarka.

Gaskiyarki, gari ɗaya ne da na kantarki. Sai dai idan ƙwayoyinsa suka ƙanƙance sosai, halinsa yakan ƙaru. Yana tare zafin hasken rana, yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma idan aka zuba shi a ruwan rini aka ajiye a rana, yana cinye launin. Wannan na ƙarshe shi ne aikina.

Yadda nake yi ba wuya. Ina narka gishirin tutiya, wato zink, a ruwa, in ɗiga soda irin ta masu sabulu, in rufe a tukunyar ƙarfe, in sa a tanda. Idan ya huce in wanke, in shanya, in kai na'urar da ke hango shi. Kullum da siffar sanduna yake fitowa. Sau ɗaya tak ya fito kamar furanni, shi ne hoton da ke wurinki. Farfesa ya kai hoton taro, an tafa masa. Yanzu ya ce ba zai sa hannu a kundina ba sai na sake yin su, domin abin da aka yi sau ɗaya sa'a ce, ba bincike ba.

Na canza zafi, na canza soda, na canza ruwa. Sanduna. Yaya, har na daina ɗokin buɗe tukunyar.

Ki ba Amarya haƙuri. Ki gai da yarinyar.

Ƙanenki.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Haƙurin na ba ta, ta ce in ajiye a inda nake ajiye sauran.

Bari in koya maka abin da ba a koyarwa a aji. Ai ragowar garin farko yana nan a kwalba, ko? To ka ɗebo kaɗan, ka juya shi, ka ɗauke shi hoto ta wani gefen, ka ce na jiya ne. Mu nan mai tumatir ba ya ƙarya, manyan kawai yake ɗorawa a sama. Shi Farfesan naka fure yake so ya gani, ka nuna masa fure. Wa zai ƙirga abin da ido ba ya gani?

Na san za ka ɓata rai, tun kana yaro haka kake, ko wasan ɓuya ne sai ka faɗi inda kake. Amma ka sani Amarya ta fara raba tukwanenta da nawa. Na ce, "Wanki za ki yi musu?" Ta ce, "A'a Yaya, don dai kada su saba."

Ka huta lafiya. Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Shawararki na karanta, na kuma yi dariya, abin da na daɗe ban yi ba. Amma ba zan iya ba. Wani zai bi abin da na rubuta, ya ɓata shekarunsa kamar yadda na ɓata nawa.

Kuma na gano bakin zaren. Ranar da furannin suka fito, na tuna na tarar da ruwa kwance a ƙarƙashin firij, na goge ina mita. Wato an ɗauke wuta ina waje, tanda ta mutu a tsakiyar dahuwa, ta huce a hankali, sannan wutar ta dawo. Bayan nan aka sa wa ɗakin gwajin lantarki mai aiki da rana, wuta ba ta sake yankewa ba. Gyaran da aka yi mana shi ya hana ni.

Sai na koma ina kashe tanda da hannuna, ina lalube. Makon jiya furanni suka fito, na sake, suka sake fitowa.

Da na zuba su a ruwan rini, na zuba sandunan a wani kofin, na kai rana, kofin sanduna ne ya riga washewa. Na maimaita, haka dai. Sandunan da na cika kwalabe da su tun shekarar farko sun fi furannin aiki. Na kai wa Farfesa ina zaton zai ce shi ke nan, rubuta ka tafi. Ya cire tabarau ya ce, "Wannan ai shi ne binciken ma. Sai mun san dalili." Ya ƙara mini babi guda, kuma na'urar da za a yi awon tana wata jami'a, akwai layi.

Ki roƙar mini wan Amarya ya ƙara mini zango ɗaya. Na san na faɗi haka a baya.

Ƙanenki mai biyayya.

*

Auta,

Ina gaisuwa, ina kuma taya ka murnar furanni.

Saƙonka ban isar ba, domin wan nata ya riga wasiƙarka isowa. Ba a yi faɗa ba. Amarya ta share ɗakin, ta ba ni makulli, ta ce, "Yaya, ba fushi nake ba, gajiya ce." Yarinyar ta ɗauka yawo za a je, ita ta fara shiga mota. Shi kuma wan ya ce ba ya son takarda, ta saki ko ta ban haƙuri. Mai son iyalinsa ya zo da ƙafarsa, ƙofa a buɗe take, amma shi ba mai gadi ba ne.

Ni dai na jingine katifarku da bango saboda ɓeraye. In sauke ta, ko in bar ta a haka?

Yayarka.