Ɗigon Biro a Cinyar Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, Babansu yana ta fama da shago, tumbi kuwa sai abin da ya ƙaru.

Yaya, gyara zama ki ji: Auta ta tafi makarantar kwana! Kin san tun da ta ci jarrabawa Babansu ya rantse ba inda za ta sai sukarinta ya daidaita, ga shi yau ya hau, gobe ya faɗo. Ni kuwa na ɗora mata laifin shan zaƙi a ɓoye. Na zazzage jakarta, na ɗaga katifa, har aljihun kayan makaranta na lalube. Tana kuka tana rantsuwa, ina cewa ta raina mini hankali.

To, saura wata uku a tafi, sabuwar nas ta asibitin da ake duba Auta ta ce duk matasan da ke allurar insulin su zo da kayansu, kowa ya shiga ya yi a gabanta ta gani. A benci na ji iyaye suna faɗa, wani ba ya canza tsinin allura, wata tana zarewa kafin magani ya gama shiga. Da muka shiga, Auta ta yi komai daidai, har na fara hura hanci. Sai nas ta shafa cinyarta ta hagu, ta ji ƙulli kamar rabin ƙwai. Ta tambaye ta ina kuma take yi. Auta ta ce nan ne kaɗai, nan Mama ta ɗiga mata biro.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar da aka fara sallamo mu daga asibiti kan ciwon sukarin nan, tana shekara tara, ni na ɗiga biron nan na ce mata, "Nan ne wurin, kada ki kuskure." Shekara shida yarinyar nan tana bin maganata! Nas ta ce naman wurin ne ya taurare, shi ya sa magani ba ya shiga jiki yadda ya kamata. Ta nuna mata ta riƙa zagayawa tsakanin ciki da cinyoyi, likita kuma ya rage mata yawan maganin. Makon farko ta sha zafi, don tsohon wurin ya riga ya daina jin allura, amma ta cije.

Da muka koma, likita ya duba sakamakon gwaji har sau biyu, ya ga sukari ya daidaita, ya ce wa Babansu ba shi da sauran hujja. Babansu, bawan Allah, da kansa ya ɗauki akwati. A ƙofar makaranta na ba Auta haƙuri kan zargin da na yi mata, ina hawaye. Ta yi dariya, ta zare biron da ke jakata, ta ce wannan kam gara ya zauna a hannunta.

Ki gaida maigidanki, da 'yan biyu, da takwarata mai rigima. Ki taya ni gode wa Allah.

Ƙanwarki,
Maman Auta