Ƙugu Talatin

Daga ofishin Babban Likitan Ƙwaƙwalwa,
hawa na uku.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara girma.

Na ajiye marasa lafiya arba'in a layi don in rubuto maka game da mahaifinka, tsohon tela, wanda ciwon mantuwa ya kama shekara biyu ke nan. Mun samu labarin ka aiko wa ƙanwarka, wadda take jinyarsa, cewa ranar Asabar mota za ta zo ta kwashe keken ɗinkinsa da teburin yanka, saboda allura ta soke shi a yatsa. A matsayina na likita na duba yatsan. Ya warke tun kafin saƙonka ya iso.

Bari in gaya maka abin da bai warke ba. Kalmomi ne suke zubewa daga bakinsa. Yana son ruwa sai ya ce a ba shi zare. Kofi ya koma "abin nan", takalmi ma "abin nan", ƙanwarka da take masa wanka ita ma "abin nan". Yakan ɗauko magana tiryan-tiryan, ya kai tsakiya ya tsaya da baki buɗe, yana dubanmu kamar mu muka ɓoye masa sauran. Daga nan sai haushi, sai ya juya wa mutane baya.

Ma'aikaciyarmu mai koyar da magana ta bi da mutanen gidan dalla-dalla. A kashe rediyo. A zauna gabansa, ido cikin ido. Tambaya ɗaya tak, gajeriya, sannan a yi shiru a jira, ko da jiran zai kai a karanta Fatiha sau biyu. Kada a ce me zai sha, a ɗaga kofi biyu ya nuna. In ya ce zare, a miƙa ruwan, a ce ga ruwa, ba tare da gyara masa ba. Ta kuma ja kunne sosai: kada kowa ya yi masa jarrabawa.

Kai kuwa da ka zo watan jiya, ko zama ba ka yi ba. Ka tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ka ɗaga murya kamar kurma ne, ka tambaye shi wane ne kai, har sau huɗu. Ya dube ka sama da ƙasa ya ce kwastoma. Ka ce shi ke nan, tsoho ya tafi, saura gangar jiki. Mintinka goma sha ɗaya a gidan, an duba agogo.

Bayan tafiyarka ya yi sati uku bai ce uffan ba.

To akwai wani jikansa a gidan, marar kunya, wanda bai yi boko ba sai allo. Rannan don tsokana ya sa rigarsa bai-bai, ya ɓalla maɓallan a karkace, ya zo yana taƙama a gaban tsohon. Tsoho ya bi shi da kallo, ya kama gefen rigar ya finciko, ya ce, "Sakarai, wa ya ɗinka maka wannan?" Magana cikakkiya, ba gargada. Ƙanwarka tana tsakar gida ta saki kwano ta zauna tana kuka.

Tun ranar kullum da hantsi ake zaunar da shi a gaban keken, a rataya masa tef ɗin awo a wuya, a ba shi alli da tsohon yadi. An cire allurar, almakashi ma yana ɗakin ƙanwarka. Jikan yakan shigo a matsayin kwastoma, yau ɗan kasuwa, gobe ango mai gaggawa. A nan tsoho yake samo kalmomi irin su kafaɗa da wuya da hannu, har da zagi iri uku. Ma'aikaciyar ta ce ba warkewa zai yi ba, kada mu yaudari kanmu, amma hannunsa yana tuna abin da bakinsa ya manta, a riƙe wannan ƙofar a buɗe iya iyawa. Ita ce ƙofar da motarka za ta zo ta rufe.

Shekaranjiya aka nuna masa hotonka, ba a tambaye shi komai ba. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa. Sunanka bai zo ba. Sai ya ce, "Kafaɗa sha bakwai, hannu ashirin da huɗu, ƙugu talatin." Ya ɗauki alli ya fara zana riga.

Ƙugu talatin, Kawu! Na ga cikinka da idona, ko tef biyu aka haɗa sai an yi addu'a.

Na ce Kawu, ko? To asiri ya tonu, ni ne jikan nan marar kunya. Babu likita, babu hawa na uku, a kan teburin yankan nake rubutu, boko kuwa a jikin kwalayen maganinsa na ƙarasa koyonta. Na kira ka sau tara ba ka ɗauka ba, na san takardar manya ce kaɗai kake karantawa har ƙarshe. Amma ban da kujerar likitan da na ara, ko kalma ɗaya ban ƙara ba.

Bai manta ka ba. Awonka na ƙarshe da ya ɗauka ke nan, kuma kai ka san shekarun da ka yi ba ka tsaya a gabansa ba. In keken kake so, kada ka aiko direba, don ni zai tarar zaune a kai. Ka zo da kanka, ka ajiye makullin, ka buɗe hannuwa ka yi shiru ya auna ka. In ya ce kwastoma, ka amsa.

Mama tana gaishe ka, ba ta san na rubuto ba. Ka gaida su Anti da yara.

Ɗan ƙanwarka,
wanda kake kira Sarkin Ƙarya.