Na Gyara Kwamfutarka, Baban Ummi

Zuwa ga Baban Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a duk ƙasar da ta riƙe ka. Idan ka tambaye mu, muna nan Tamanraset inda ka ajiye mu, a ɗakin nan na unguwar Tahaggart. Ba ni da adireshinka, shi ya sa na rubuta a fili, ko wani matafiyi zai karanta ya isar maka.

Maganar kwamfutarka ce, wadda kake yi wa masu wucewa arewa hoton fasfo da ita. Ranar da kai ma ka bi sawunsu, ina da cikin Ummi, ka lulluɓe ta da zanen aurena ka ce amana ce. Ban ji ka ce ni amana ce ba. Na riƙe ta dai. Na koma sayar wa leburorin gini tuwo da miyar kuka, kuma ko lokacin da abin sawa a baki ya gagara ban kai ta kasuwa ba.

Ummi ta shiga lekkol bana, makarantar boko. Ta dawo wata rana ta ce kowa a ajinsu ya san kamannin ubansa sai ita. Na juye akwati na zazzage, babu hotonka ko guda. Sai na tuna ko ranar bikinmu a Damagaram ba ka tsaya gaban mai hoto ba, kana can kana gyara wa jama'a tsayuwa. Kullum cewa kake, "Hoton takarda gara ke ci, na cikin ordinatar ba ya tsufa." Na ce wa yarinya ta kwantar da hankalinta, babanta na nan ƙarƙashin zane.

Na yaye zanen, na haɗa wayoyi yadda nake ganin kana yi, na danna. Fanka ta ɗauka, injin ya yi ɗan kuka irin na tsako, allo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, na bubbuga gefenta, na karanta abin da ya sawwaƙa na tofa. Ba mu ga komai a gilashin ba sai inuwarmu, ni da Ummi.

Washegari na naɗe kwamfutar na ɗora a kai kamar tulu, har shagon wani Balarabe mai gyara a bayan kasuwa. Da Larabcina na sayar da tuwo na yi masa bayani. Ya ce idan ta ƙi sai a wanke cikinta duka, a zuba sabo. Na dafa ta da hannu biyu na ce ba za a goge ko ɗigo ba. Na zauna a dakalinsa, ranar leburori ba su ga tuwo ba.

Da ya buɗe, yashi ne ya zubo. Ya hure ta da injin busar da gashi, ya zare wani siririn falle kore, ya goge bakinsa da abin goge fensir irin na jakar Ummi, ya mayar. Ya sauya wani ɗan batiri mai kama da kwabo. Yana dannawa allo ya haskaka. Wallahi sai da na yi kuka a gaban baƙon namiji, ban ji kunya ba.

A gida muka buɗe hotunan. Mutanen Maradi, mutanen Agadas, 'yan Kano da Sakkwato, kowa a jikin farin ƙyallen nan da kake ratayawa, kowa ya ɗaure fuska yadda kake sa su. Na ga Malam Isufu mai shayi. Na ga akuyar maƙwabta. Na ga kaina tsugune ina wanke tukunya, ban ma san ka ɗauka ba, kuma wannan ya taɓa ni fiye da yadda na so. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, na sake komowa farko. Ba ka ciki. Ka adana fuskar duk wanda ya ratsa garin nan, taka kuwa ka tafi da abarka.

Na ji haushinka, Baban Ummi, haushin da ban ji ba ko a daren haihuwa da na yi ni kaɗai. Shekara da shekaru ina share ƙura a kan akwatin fuskokin baƙi.

Ummi ba ta san na gama nema ba. Ta ɗora yatsa a kan wani dogo mai shuɗiyar riga da ɗan gemu, shi kaɗai ya yi murmushi a cikinsu, ta dube ni. Ban san sunansa ba, ban san ko ya kai inda ya nufa ba. Na gyaɗa mata kai. Muka koma shago, Balaraben ya fitar mana da shi a takarda, irin wadda gara ke ci, yanzu yana cikin littafin karatunta, kuma duk ajin sun gan shi.

Ina gaya maka ne don kada ka zo ka tarar. Idan Allah Ya kawo ka, kada ka yi mamaki in ta gaishe ka ta koma gefe. Kai za ka yi mata bayani, ni na yi nawa.

Allah Ya tsare ka idan kana raye, Ya jiƙan ka idan ka riga mu. Allah Ya kai mai shuɗiyar riga gidansu lafiya, don shi ne ke raka 'yarka lekkol kowace safiya.

Wadda ka bar wa ajiya,
Maman Ummi