Motar Jana'izar da Ba Ta Hayaƙi

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ofishin Duba Lafiyar Motoci,
Bangui.

Daga:
Zulaihat Badaru, matar marigayi Abdulsamad bakanike,
Bayan Masallacin Koudoukou, Kilomita Biyar.

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Game da: Riƙe motar jana'izar unguwarmu da shirin yin gwanjonta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, mai ƙorafi tana neman izinin gabatar da kokenta kamar haka:

1. Motar da ake magana a kai farar bas ce tsohuwa, a sunan mijin mai ƙorafi take. Shekara tara ita ke kai mamatan unguwa maƙabarta, kyauta. Lokacin wahalar fetur, an taɓa barin gawa a ƙofar masallaci daga azahar har la'asar ana yawon neman lita biyu. Wannan ne ya sa marigayin ya cire injin fetur, ya ɗora na lantarki da batura, yana caji da hasken rana. Tun daga nan ba a sake jira ba.

2. Ranar Litinin, 4 ga Maris, ya kai motar ofishinku da ƙafarsa, ba kama shi aka yi ba. An gwada birki da fitilu da taya, duk lafiya. Da aka zo gwajin hayaƙi, jami'in ya zagaya baya bai ga salansa ba, wato bututun fitar hayaƙi. Ya ce takardarsa tana da gurbin hayaƙi, shi kuwa ba ya sa hannu a takarda mai gurbi fanko. Aka riƙe motar.

3. Marigayin ya koma ofishinku sau shida. Mai ƙorafi ce ke wanke masa rigar zuwa, don haka ta san adadin. Kullum amsa ɗaya: ana jiran umarni daga sama.

4. Tsakanin nan an yi rasuwa huɗu a unguwa. Duka a kurar turawa ta 'yan kasuwa aka ɗora makararsu.

5. Ranar Juma'a, 19 ga Afrilu, Allah ya yi wa Abdulsamad rasuwa bayan zazzaɓin kwana uku. Shi ne na biyar. Mata ba sa bin gawa, saboda haka mai ƙorafi daga bakin ƙofa ta tsaya. Ta ga an share kurar da ta kwaso buhunan albasa da safe, an shimfiɗa tabarma, an ɗora shi. Taya ɗaya tana ƙara. Ba ta yi kuka ba, har yau ma ba ta yi ba. Ƙarar tayar kawai take ji.

6. Ranar Litinin, 22 ga Afrilu, takardarku ta iso. Ta ce mai motar ya bayyana da kansa cikin kwana talatin ya yi bayanin inda hayaƙin ke fita, in ba haka ba a yi gwanjonta. Ranka ya daɗe, ba zai samu zuwa ba. Ita ma mai ƙorafi tana takaba, ba za ta fita ba sai ƙarshen Agusta.

Saboda haka take roƙo, cikin ladabi, a dakatar da gwanjon, a karɓi ƙanin marigayin, Malam Haris, a madadinsa, a kuma sako motar kafin ruwan sama ya lalata baturan. Ba ta neman a hukunta kowa. Ba ta da ƙarfin fushi.

Haɗe da wannan akwai takardar mota da shaidar rasuwa. Malam Haris zai kuma taho da tsohuwar salansar, wadda aka samo a bayan garajin marigayin. In sai da ita takardarku za ta cika, a ɗaura ta da waya, ba komai. Unguwa dai tana da tsofaffi, kuma mai kurar ya ce ba zai sake bayarwa ba.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya.

Mai biyayya,
Zulaihat Badaru